Fansho: su tsofaffi sun yi musu yawa, mu matasa sun yi mana yawa, me ya sa kukan ya zo ɗaya?

Baban Walida: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce da ni ga masanan cikinmu. Duk ƙasar da ka ji tana rikicin fansho, dalili ɗaya ake kawowa, wai tsofaffi sun yi yawa, masu aiki sun ragu. Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64 a 2023, aka yi wata da watanni ana zanga-zanga har shara ta cika titunan Faris. Sin ta fara ɗaga na maza daga 60 zuwa 63 tun Janairun 2025, sannu a hankali cikin shekara 15. A Japan kusan kashi 29 cikin 100 na jama'a sun kai 65 ko sun wuce. To mu nan fiye da rabin 'yan Najeriya ba su cika shekara 20 ba, waɗanda suka kai 65 kuwa kashi 3 ne kacal ko kusa da haka. A lissafi mu ne ya kamata a ce tsofaffinmu suna cikin daula, tunda masu ɗaukar nauyinsu sun yi yawa. Amma duk wanda yake da ɗan fansho a gida ya san ba haka abin yake ba. Ina gizon yake saƙar?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Sata ce kawai, Yaya. A rufe maganar a nan.

Mai Lissafi: Da sata a ciki, Alhaji, amma ko an ɗaure ɓarayin kaf gobe da safe matsalar tana nan. Baban Walida, yawan matasa ba shi ne yake biyan fansho ba, yawan masu zuba kuɗi ne. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu neman abinci a ƙasar nan ba aikin albashi mai takarda suke yi ba. Ɗan dako a Singa, mai awo a Dawanau, mai gyaran waya a Farm Centre, duk aiki suke yi tuƙuru, amma babu sisinsu da yake shiga wani asusun tsufa. Waɗanda suka yi rajista da tsarin fansho na tarayya sun ɗan haura miliyan 10, a ƙasar da ta wuce mutum miliyan 200, kuma a cikin miliyan 10 ɗin ma da yawa an daɗe ba a zuba musu komai ba. Su Turawa yaran ne ba a haifa ba. Mu an haife su, aikin ne babu.

Abu Hanan: Bari in shigo, tunda ni a Jamus nake, kuma a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Tsarin nan adashe ne, ba wani abu ba. Abin da aka cira daga albashina wannan watan ba ajiye min ake yi ba, shi ake kwasa a biya tsofaffin yau, da fatan in na tsufa wasu za su zuba in ɗauka. Kashi 18.6 cikin 100 ake zubawa, rabi ma'aikaci rabi mai aiki. A farkon shekarun 1960 wajen mutum 6 ne suke zubi a kan ɗan fansho ɗaya, yanzu wajen mutum 2 ne. Duk shekara sai gwamnati ta cika sama da yuro biliyan 100 daga kuɗin haraji kafin abin ya zagayo. Shi ya sa suke matsar da shekarun ritaya zuwa 67, shi ya sa kuma suke neman irinmu mu zo mu yi aiki mu zuba. Lokacin da Bismak, shugaban gwamnatin Jamus na wancan zamani, ya kafa tsarin a 1889 sai ka kai 70 za ka karɓa, kuma ƙalilan ne suke kaiwa. Yanzu a sashen da nake aiki 'yan 90 ba abin kallo ba ne.

Kada kuma ku ɗauka kowa a nan yana cikin jin daɗi. Akwai wata dattijuwa da nake haɗuwa da ita a tashar jirgin ƙasa da asuba, tsaf da ita, da kwat mai kyau, tana leƙa kwandunan shara da 'yar fitila tana tsintar robar lemo. Kowace roba in ta mayar kanti santi 25 ce. Da ganin yadda take waige-waige ka san ba ta saba ba.

Tsohon Hedimasta: Abu Hanan, Allah ya yi albarka, mun ƙaru. Amma ka amsa min abu ɗaya, ɗana. Idan kaya suka yi tsada a can, fanshon yana motsawa?

Abu Hanan: Yana motsawa, Baba. Duk 1 ga Yuli ake duba shi, yana bin albashin ma'aikata. A Ingila ma tun wajen 2011 suna da ƙa'ida, duk shekara a dubi hauhawar farashi, a dubi ƙarin albashi, a dubi kashi 2.5, wanda ya fi yawa shi za a ƙara. Har yanzu suna jayayya ko za su iya ci gaba da ɗaukar nauyin hakan.

Tsohon Hedimasta: To ka ji inda muka rabu da su. Ni shekara 35 na yi ina riƙe da alli, na fara a ƙauye na ƙare a cikin birni. Ranar da aka yanka min fansho, wallahi kuɗi ne. Ina sayen buhun shinkafa, in biya wuta, in sai maganin hawan jini, har in ba jikoki na makaranta. Ba a rage min ko kwabo a takarda ba, amma yau wannan kuɗin ba ya kai ni tsakiyar wata. Shinkafar da muke saye wajen dubu goma a 2014 ta haura dubu tamanin a 2024. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ban ƙara shiga adaidaita ni kaɗai ba, sai dai in jira a cika.

Kuma abin da yake ci min rai, ba wai babu doka ba ne. Tsarin mulkin 1999, sashe na 173 ga ma'aikatan tarayya da na 210 ga na jihohi, ya ce a riƙa duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, wanda ya riga zuwa. A rubuce yake. Sai dai ma'aikaci yana da yajin aiki, ya rufe ofis a saurare shi. Ni me zan rufe?

Auta: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku ai kuna da abin da ake tura muku ko yaya yake. Ni digiri ne da ni, adaidaita nake ja, balas nake kaiwa kullum. In na kai shekarunku wa zai turo min alat?

Tsohon Hedimasta: Gaskiyarka, Auta. Ban ce na fi ka shiga uku ba.

Ɗan Kwari: Shi ya sa nake cewa ku daina wahalar da kanku. Mahaifina bai taɓa karɓar albashi ba, fatauci ya yi, ya rasu yana da shekara tamanin da wani abu, bai taɓa kwana da yunwa ba. Me ya riƙe shi? Mu. Fanshon Bahaushe 'ya'yansa ne da shagonsa da ɗan filin da ya saya. Turawa sun ƙi haihuwa, sun koma kiwon karnuka, yanzu suna kuka. Koriya ta Kudu na ji an ce mace ɗaya ko ɗa ɗaya ba ta cikawa. Mu alhamdu lillahi ba mu da wannan.

Maman Sadik: Alhaji, ka yi haƙuri zan saɓa maka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ɗakin da nake tsofaffi ne suka fi yawa. Da idona nake ganin yadda ake yi da takardar magani. Likita ya rubuta, a miƙa wa babban ɗa, ya duba ya miƙa wa ƙaninsa, shi ma ya duba ya ce bari ya kira wanda yake Abuja. Su fita baranda su shida ko bakwai suna ƙus-ƙus, can sai ɗaya ya dawo ya ce, Sista, a cikin huɗun nan wanne ne ya fi muhimmanci? Ba rashin imani ba ne, wallahi wasu da hawaye suke tambaya. Babu ne. Tsohon yana da 'ya'ya goma sha, amma mai abin hannu ɗaya ne, shi ma yana da nasa tara a gida.

Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ya tsufa lokacin da masaƙun Bompai da Sharada da kamfanonin fata na Challawa suke aiki dare da rana. Yaro ya gama sakandare ya samu abin yi. Yau ka zaga can ka ƙirga waɗanda hayaƙi yake tashi a cikinsu.

Mai Lissafi: Hajiya ta gama magana. Abin da Alhaji yake kira fanshon Bahaushe shi ne dai adashen da Abu Hanan ya faɗa, sai dai a cikin gida ake yin sa. Ka ciyar da na sama, na ƙasa su ciyar da kai. Sharaɗinsa kuma ɗaya ne da na Jamus, sai masu zubi suna da abin zubawa. Lissafin Koriya da ka kawo daidai ne, 0.72 ne a 2023, kuma wajen kashi 40 na tsofaffinsu suna cikin talauci, har da masu tura kura suna tsintar kwali. Amma abin da ya jefa su ciki shi ne sun dogara da 'ya'ya, tsarin fansho na ƙasa bai zo ba sai 1988, zamani ya juya kafin su shirya. Wannan ya fi kama da inda muka dosa fiye da labarin Faransa.

Ɗan Kwari: Ni dai ban ga ɗan halak ɗin da zai bar ubansa ya tsinci kwali a Kano ba.

Maman Sadik: Ka bi ta bakin asibiti da masallatan Juma'a ka dubi masu bara, Alhaji, ka ga shekarunsu. Gidan gajiyayyu na Shahuci ma ba jiya aka gina shi ba.

Baban Walida: Mai Lissafi, tunda harkarka ce, ka bambance mana. Ni ma'aikacin tarayya ne, matata ta jiha ce, kullum muna musu a kan wa ya fi wani tsaro.

Mai Lissafi: To. Kafin 2004 gwamnati ce take biyan fansho kai tsaye daga kasafin kuɗi, ba a tara komai. Bashi ya taru har ya fi ƙarfinta, tsofaffi suna faɗuwa a layi. Zamanin Obasanjo aka yi dokar 2004, kowa da asusunsa da sunansa, ma'aikaci ya zuba kashi 7.5, mai aiki 7.5. A 2014 zamanin Jonathan aka mayar da shi 8 da 10, jimla 18. Kamfanin fansho ne yake juya kuɗin, wani kamfanin daban yake riƙe su, hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, tana sa ido. In ka yi ritaya a ba ka wani kaso a dunƙule, ragowar ko a riƙa gutsuro maka duk wata, ko ka sayi biyan har abada a wurin kamfanin inshora. Kuɗin da ya taru ya haura naira tiriliyan 20, kuma fiye da rabinsa gwamnatin tarayya aka ranta wa.

Alherinsa, da wuya wani ya wawure shi yadda aka yi wa tsohon tsari. Aibinsa, babu wanda ya yi maka alkawarin komai. Abin da ka tara shi ne naka, in ya yi kaɗan kai ka sani. Mai mafi ƙarancin albashi na dubu 70, ko a kan dukkan albashin aka lissafa, dubu 12 da ɗari 6 ne suke shiga masa a wata. Sannan wanda ya tara miliyan ɗaya a 2014, lokacin dala tana wajen naira 160, ya ajiye abin da ya haura dala dubu 6. Da dala ta wuce 1,500 a 2024, ko ribar ta ninka masa kuɗin sau uku bai dawo inda yake ba.

Kano kuma ba ta bi wannan ba. Dokar jiha ta 2006, zamanin Malam Shekarau, ta kafa asusu guda na amintattu, ma'aikaci ya zuba kashi 8, gwamnati 17, a biya ka garatuti da fansho gwargwadon matakinka da shekarunka. Wato Hajiyarka an yi mata alkawari, kai ba a yi maka ba. Amma alkawarin yana tsayawa ne in ana zuba kashi 17 ɗin a kan kari. Da aka yi ta tsallakewa, ga ma'aikata suna ta fita, sai garatuti ya taru. Gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin sama da naira biliyan 48, ta fara da biyan biliyan 6, tana ci gaba kashi-kashi, ta kuma ɗaga mafi ƙarancin fansho daga dubu 5 zuwa dubu 20.

Baban Walida: Wato ni hauhawar farashi ce take cin nawa, ita kuma tana hannun wanda yake kan kujera.

Mai Lissafi: Ita ma hauhawar tana cin nata. Tambayi Baba Hedimasta.

Na Ƙofar Mata: A faɗi gaskiya dai, wa ya tara bashin biliyan 48 ɗin? Shekara takwas ana yanka kuɗin bayin Allah.

Sarkin Yaƙi: Kai kuma ka fara faɗa mana kuɗin wa aka zuba a gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo.

Shugaban Zaure: Ku biyun nan na san ku. Duk wanda ya ƙara sako jar hula ko wata hula a maganar nan zan cire shi sai bayan sati. Dattawa suna magana mai amfani, ku bar mu mu ƙaru.

Tsohon Hedimasta: Allah ya saka, Shugaba. Ni na ga gwamnatoci tun na soja, kowa da irin nasa. Abin da ya kamata yaran nan su gane, duk tsarin da sai gwamna ya ga dama, ranar da aka samu wanda bai ga dama ba an shiga uku. Biyan garatuti ba kyauta ba ce da za a tara mu a yi ta tafi. Haƙƙi ne da aka yanka daga albashinmu.

Bari in ba ku labarin tantancewa, tunda yawancinku ba ku taɓa gani ba. Za a ce kowa ya zo da kansa a tabbatar yana raye. Tun bayan asuba ka tarar da layi, kowa da fayil a cikin leda, takardar ɗaukar aiki ta yi ja ta kakkarye a kan ninki, an lilliƙe ta da salatif. Wani a kan keken guragu, wani jikansa ya goyo shi daga bakin titi. In ka isa gaban na'ura a ce ɗora babban yatsa, ta ƙi karɓa, saboda zanen yatsan tsoho ya shafe. Sai yaron ya ce, Baba goga a goshi. Ka goga yatsa a goshi ya ɗan samu maiƙo, ka sake ɗorawa. Na ga wani tsohon darakta, mutumin da da sai an yi masa iso, yana ta goga yatsa a goshi yana ba yaron haƙuri. Ban ce kada a tantance ba, don na san akwai matattun da ake karɓar kuɗinsu. Amma wanda ya saka sunan bogi a ofis yake zaune, ba ya cikin masu layi.

Maman Sadik: Innalillahi. Allah ya ba ku lada, Baba.

Ɗan Kwari: To ai ka ji, maganata ta fito. Abdulrashid Maina da aka ɗauko ya gyara fansho, kotu ta ɗaure shi shekara 8 a 2021 a kan sama da biliyan 2. Wani kuma na fanshon 'yan sanda a 2013 aka ce ya biya tarar dubu 750 ya tafi gida, sai daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta gyara hukuncin. A Zamfara sai da tsohon gwamna ya rubuta takarda yana neman miliyan 10 ɗinsa na wata-wata kafin majalisa ta soke dokar a 2019. Sannan a ce in ɗauki kuɗina in kai musu? In sayi yadi in ajiye ya fi min.

Mai Lissafi: Duk waɗancan a tsohon tsari aka yi su, Alhaji. Amma akwai abin da zai ƙara maka ƙarfi, in ba ka kyauta. Tsarin asusun kowa da nasa daga Chile muka kwafo shi, su suka fara a 1981 zamanin Janar Pinoshe. Da ya kafa shi bai saka sojoji a ciki ba. Mu ma a 2011 aka fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri, su gwamnati take biya kai tsaye. 'Yan sandan da suka yi ritaya sun yi ta zanga-zanga a Abuja su ma a fitar da su. A Chile ɗin kanta dubban ɗaruruwa sun fito titi a 2016 saboda abin da suke karɓa ya yi kaɗan. Duk mai ƙarfin faɗa a ji yana neman hanyar fita, wannan kaɗai ya isa a tsaya a duba. Sai dai in kowa ya fita, an koma gidan jiya, gwamnati ta yi alkawarin da ba ta tara kuɗinsa ba.

Malamin Islamiyya: Salamu alaikum. Abu biyu. Na farko, masu cewa kula da tsoho aikin 'ya'yansa ne kaɗai, su tuna abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Ya ga wani tsoho Bayahude yana bara don ya biya jiziya, ya ce ba a yi masa adalci ba in an ci ƙuruciyarsa an yasar da shi a tsufansa, ya ɗauke masa jiziyar ya sa a yanka masa abin da zai ci daga baitulmali. Ba Musulmi ba ne, ba ma'aikacin hukuma ba ne. Wajibin 'ya'ya yana nan, amma bai sauke na shugaba ba. Na biyu, tambaya ce. Kuɗin da kuka ce ana ranta wa gwamnati, ai da ruwa ake dawo da shi. Ina mafita ga mai gudun riba?

Mai Lissafi: Allah ya gafarta Malam, akwai. Tun 2021 aka buɗe wani rukunin asusun fansho da ake kira asusu na shida, wanda ba ya mu'amala da ruwa, a sukuk da hannayen jarin da suka dace da shari'a ake saka kuɗin. Mutum zai rubuta wa kamfaninsa ya ce a mayar da shi can. Mutanenmu da yawa ba su san da shi ba.

Maman Sadik: Maganar Malam ta farko ita nake so a tsaya a kai. Tun ɗazu fanshon ma'aikata ake ta yi, alhali su ne 'yan kaɗan. Ina matar da ta shekara arba'in tana daka da wanki da renon yara, mijin ya rasu, aka raba tumunin takaba tsakaninsu su uku? Ina mai ƙosai, ina ungozoma? Kuma mata sun fi daɗewa a duniya. Ƙasashen da ba su fi mu arziki ba suna ba kowane tsoho wani abu duk wata ko bai taɓa aikin gwamnati ba. Lesoto ta fara a 2004 ga 'yan 70, Zanzibar a 2016, Kenya a 2018. Botsuwana da Namibiya da Afirka ta Kudu sun daɗe suna yi. A nan gida Ekiti ta gwada dubu 5 a wata a 2011. Tunda tsofaffin namu kashi 3 ne, yanzu ne abin yake da araha.

Sarkin Yaƙi: Hajiya, a ƙasar da ba a san ranar haihuwar mutane ba? Ranar da aka sanar, rabin Kano za su wayi gari 'yan 70.

Maman Sadik: Ai da NIN yanzu. Kuma ko an samu 'yan ƙarya, gara a yi da gyara da a ce ba za a fara ba.

Baban Walida: Ni tsorona kuɗin ne. Malaman makaranta ma da ƙyar ake biya. Kuma in an fara ba a isa a daina ba, ga adadin yana ƙaruwa. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce nan da 2050 za mu kai wajen miliyan 350, tsofaffin za su ninka na yanzu har da ɗori. Su Auta ne tsofaffin lokacin.

Auta: Ni abin da ban gane ba, ana cewa tsawon ran ɗan Najeriya shekara 54 ne, ritaya kuma 60. To wa ake tara wa kuɗin?

Abu Hanan: A'a ƙanina, wannan 54 ɗin mutuwar jarirai da ƙananan yara ce take janyo shi ƙasa. Wanda Allah ya kai shi 60, a lissafi yana da sauran shekara goma sha wani abu a gaba, wasu ashirin da ɗori. Kuma su ne shekarun ciwon suga da hawan jini da ciwon gwiwa.

Auta: To kuma ga shi ana ta ƙara wa na ciki shekaru. Malamai an mayar da su 65 ko shekara 40 a aiki tun dokar 2022, farfesoshi 70, alƙalai 70. A Jamus na gane, babu masu maye gurbi. Mu da muke zube a ƙasa da takardu fa? In Baba bai tashi ba ina zan zauna?

Tsohon Hedimasta: Auta, ka san abin da ya sa ake rage shekaru a takarda, ake rina gemu? Tsoron abin da yake jiran mutum a waje ne. Ka gyara fansho ka gani, wallahi da kansu za su riƙa ajiye aiki tun kafin lokaci. Ni da na san garatutina zai fito a watan da na fita, da ban damu da ko kwana ɗaya a ƙara min ba.

Mai Lissafi: Kuma asusun Kano irin na zubi ne, Auta, yana buƙatar sababbin ma'aikata su shigo su zuba. In an tsawaita wa na ciki an rage masu karɓa na ɗan lokaci, in an daina ɗaukar sababbi an rage masu zubi na shekara talatin. Kowanne da kuɗinsa. Kai kuma da kake sana'ar kanka, akwai ƙaramin fansho da aka ƙaddamar a Maris ɗin 2019 don irinku, direbobi da teloli da 'yan kasuwa. Ka zuba abin da ka samu, kullum ko duk sati, wani kaso kana iya cira in buƙata ta taso, ragowar sai ka kai 50. Ba zan ɓoye maka ba, karɓuwarsa ba ta taka kara ta karya ba, kuma shi ma hauhawar farashi ba ta ƙyale shi ba.

Ɗan Kwari: Auta, kada ka ji ta tasa. Ka tara ka sayi tunkiya ka kai ƙauye, in ta yi yawa ka sayar ka sayi fili ko a bayan Gezawa ne. Shekara ashirin ka zo ka ba ni labari.

Maman Sadik: Filin da za a sayar ranar da aka kwantar da mahaifiyarsa, Alhaji. Mu a wurinmu ake ƙarar da filayen nan.

Auta: Ni yanzu ma bashin gyaran inji ne a kaina. Mai Lissafi, ɗari biyar a rana suna karɓa, ko sai ta yi kauri?

Mai Lissafi: Suna karɓa. Ka je da NIN ɗinka da lambar asusun banki, ka ce na masu sana'ar hannu kake so, in kuma marar ruwa kake so ka faɗa musu tun a wurin cike fom. Ka tambaye su nawa suke cira na hidima kafin ka sa hannu.